Ƙafar Gwaggo Tala a Gonar Aya

"Mama, wa ya ɗauke wa Gwaggo takalmi guda?"

Rufaida ce, ɗiyata, wadda ko makarantar lakol ba ta shiga ba. Kuma ba a ɗaka ta tambaye ni ba, a tsakar gida ta yi, da safe, kowa da ludayin kunu a hannu. Duk aka juya aka dubi Gwaggo Tala. Ƙafar hagu da silifa. Ta dama a ƙasa, ta kumbura ta yi sumul kamar an shafa mata mai, yatsun sun matse juna.

"Ba wanda ya ɗauka, ƙawata," in ji Gwaggo. "Ƙafar ce ta yi ƙiba ta bar 'yar'uwarta."

Aka yi dariya. Yaya Sha'ibu, wan mijina, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar babansu, ya goge baki ya ce, "Wagga ƙafa mi za ta yi da takalmi? Ai ta fi taya ƙwari. Ku sha ku tashi, yau za mu sa wa gonar gabas wuta."

Ni 'yar Cadakori ce, can gero da wake muka sani. Sai da aure ya kawo ni wannan ƙauye na ƙasar Gazawa na ga yadda ake fid da aya. In ganyen ya bushe, sai a cinna masa wuta ya cinye, sannan a tone ƙasar, mata su zauna da rariya suna rairaya har 'ya'yan su fito. Wahalar tana wurin wutar. Dole wani ya bi iyakar gona da reshen sabara yana bugun harshenta, kada ta tsallaka karan maƙwabci. Samari suna yin aikin suna tsalle suna ashar, robar takalmansu na narkewa. Gwaggo Tala kuwa tafiya take yi a kan tokar kamar mai zuwa barka.

Gwaggon mijina ce, yayar babansu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan da aka haife ta. Tunda aka lura tafin ƙafarta ba ya jin zafi, aka ce baiwa ce Allah ya yi mata. Daga nan duk aikin da ƙasa ke ƙona mutum ya zama nata. Kai fura gona da tsakar rana, yashi na tafasa, ita ce. Shiga karangiya a kwaso harawa, ita ce. Tsaron wutar aya, ba a ma tambaya.

Ran da aka ƙone gonar gabas ta dawo da la'asar, na zuba mata ruwa ta wanke toka. Da ta ɗaga ƙafar daman sai na ga bororo a tafin, ƙato, ya cika da ruwa.

"Gwaggo, ba ki ji wannan ba?"

Ta leƙa, kamar an nuna mata ƙafar wani. "A'a. Yaushe ya zo?"

Ranar da zan kai ɗan goyona Munir rigakafi Gazawa, na ce da Inna Shatu, surukata, ina son Gwaggo ta raka ni ta riƙe mini shi. Ta yarda, don ba ranar wuta ba ce. Da aka gama da yaron na ja Gwaggo wurin majo, babban ma'aikacin likitar, wato asibitin garin. Ya soki yatsanta ya ɗiga jinin a ɗan abin awo, ya duba, ya sake dubanta. Ya tambaye ta ko tana yawan ƙishi da fitsari. Ta ce wa ba ya ƙishi da rani? Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarta da bakin alƙalami.

"Inna, nan fa?"

"Ka fara ne?"

Ya ajiye alƙalamin. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

"Ke ce ɗiyarta?" ya tambaye ni.

"Matar ɗan ƙanenta ce ni."

"To, saurara. Ciwon sukari ne, kuma ya daɗe. Shi ya cinye jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ba ta jin zafi. Jini ba ya gudu sosai can ƙasa, ruwa na taruwa, ga tsayuwa yini guda, ga gishiri. Wani lokaci ƙoda ce ko zuciya ke kawo kumburin, wannan sai an auna a Maradi. Amma abin da ya fi tsorata ni wanga bororo. A ƙafar mai sukari, ƙaramin ciwo ba ƙarami ba ne."

Ya wanke wurin ya ɗaure. Ya ba mu ƙwayoyi. Ya ce kada ta taka ƙafar sai dole, in ta zauna ko ta kwanta a ɗora ta a kan wani abu ta fi ƙirjinta tudu. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar sukari a kunu. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda na gwada da gwiwar hannuna, a tsane tsakanin yatsu, a duba tafin kowace safiya. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ban da ruwan zafi. Ban da aska. A dawo da ita wankin ciwo, ko da ba ta ce komi ba. Ba za ta ce ba."

Da muka dawo na sami Yaya Sha'ibu a ƙofar ɗakin ajiya yana ɗinke bakin buhu. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da majo ya ce, ban rage ba.

Ya saurara har ƙarshe, yana jan zare. "Gwaggo!" ya kira. "Ƙafar na yi miki ciwo?"

"A'a, Sha'ibu."

Ya dube ni. "Kin ji. Mara lafiya shi ke faɗi, Naja'atu. Mu ma muna son ta huta. Bari a gama aya, ni da kaina zan kai ta har Maradi."

"Yaya, ya ce ciwon ba ya jira."

"Ayar ma ba ta jira. Ɓera na ci, gara na ci."

Inna Shatu ta ce ita ta san wannan kumburi, sanyi ne, kakarta ta yi shi har ta mutu da ƙafafunta biyu. Hafsat, matar Yaya, ta ce ita ba ta ƙi ba, amma in Gwaggo ta zauna wa zai kai fura? Ita dai kowa ya san kanta ba ya son rana. Mijina Sabi'u na same shi yana wanke moto, babur ɗin gidan, na ce, "Baban Rufaida, ka sa baki." Ya ce, "Yaya ne babba. Kuma gwaggonmu ce, mun riga ki saninta." Ya ci gaba da goge madubi.

Na yi abin da ke hannuna. Na riƙa ɗibar miyar Gwaggo a ƙaramar tukunya kafin a zuba gishiri. Na riƙa kai mata ƙwayar da kaina ina tsaye har ta haɗiye. Da hantsi in na ga ba kowa, sai in kwantar da ita a inuwar zaure in ɗora ƙafar a kan buhu. Kumburin ya fara saɓewa, har fatar ta yi 'yan tamoji. Wata rana Yaya ya shigo ya same ta haka.

"Subhanallahi! Gwaggo, ƙafa a kan abinci?"

Ta sauke da sauri, har da ba shi haƙuri. Na kawo turmi na kwantar, na ɗora mata a kai. Hafsat ta zo ta ce daka za ta yi.

Ita kanta Gwaggo ba ta taimake ni ba. Ina tsane mata yatsu ta ce, "Ɗiyata, ki bar wahal da kanki. Ni da ban ajiye kowa a gidan nan ba, in kwanta in ɗaga ƙafa sama kamar matar kwamanda, tuwon da za a miƙo mini na mi ne?"

"Na gidan ubanki ne, Gwaggo."

"Ubana yana maƙabarta," ta ce. "Sa mini ɗaurin."

Ranar da ya kamata mu koma wankin ciwo ita ce ranar ƙona babbar gona, wadda ta yi iyaka da karan liman. Na je da sassafe na ce wa Yaya ni zan bi wutar, a bar Gwaggo. Ya ce mace mai goyo ba ta shiga hayaƙi, mi mutane za su ce da shi? Na ce to a sa samari. Ya ce samari bara sun bar wuta ta ci shingen mutane har gaban mai gari aka je. "Gwaggo kaɗai ke tsayawa ta kashe ta sarai. Yau ɗaya ce. Daga yau ta huta."

Gwaggo ta riga ta ɗauki reshenta. Ta kwance ɗaurin majo ta ninke ta ba ni, wai kada ya yi datti.

Ta dawo ana kiran la'asar, tana barin sawu mai jini a tsakar gida. Kaji ne suka fara lura. Na zaunar da ita na juya ƙafar. Bororon ya fashe ya zama rami, toka ta cika shi, ga guntun kara da ya ƙone rabi ya shige ciki. Na zare shi. Ita kuwa tana ba Inna Shatu labarin yadda iska ta juya wajen karan liman, ta tare ta.

"Ko kara guda bai ci ba," in ji Yaya da ya shigo. "Gwaggo, Allah ya bar mana ke."

Washegari na ce sai likita. Aka ce moto ya tafi ɗauko mata masu rairaya, amalanke na jigilar buhuna. Na goya Munir na tafi rijiya. Kafin in dawo Inna Shatu ta tafasa ruwa ta gasa mata ƙafar da tsumma, don sanyin ya fita. Na tarar fatar bayan ƙafar ta saɓule kamar ta dafaffen dankali.

"Inna, majo ya hana ruwan zafi!"

"Na tambaye ta ko ya yi zafi, ta ce a'a. Ke har yau ba ki san gashi ba? Da shi aka gyara ki kika tashi daga jego."

Ƙafar ta koma ta fi da. Kumburin ya haye ƙauri, ya yi ja, in ka taɓa kamar bakin murhu. Na sake durƙusawa gaban Yaya. Wannan karon ya ce gaskiya ne, abin ya yi yawa, ba za a zuba ido ba. Ya aika aka kira wanzami.

Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ba za a tsaga ta ba. Ban taɓa ɗaga murya a gidan ba sai ran nan. Sabi'u ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce in ba na jin kunyar Yaya in ji ta baƙo. Wanzamin ya yi tsagarsa, ya kafa ƙaho, ya nuna wa kowa baƙin jinin da ya fito.

"Kun gani? Wanga shi ne mugun. Amma ban taɓa ganin jaruma irin wagga ba, ko motsi."

Tsagar ba ta rufe ba, ko ɗaya. Kowace ta buɗe bakinta tana ruwa. Yatsu biyu suka yi baƙi. Sai wari.

Hafsat ce ke kwana kusa da ɗakin Gwaggo, ta ce 'ya'yanta ba sa iya cin abinci. Aka mai da shimfiɗar Gwaggo ɗakin ajiya, wai ya fi iska. Ba ta daɗe a can ba, wani mai sayen aya ya zo duba kaya, ya shiga ya fito yana toshe hanci, ya tambaya ko ayar ta jiƙe ne. Ran nan aka fito da ita aka yi mata rumfar zana a bayan gida, kusa da turken awaki. Yaya ya sa aka buɗe ƙofar ɗakin ajiyar yini guda, aka yi turaren wuta.

A rumfar nake wanke mata ciwon safe da yamma, ina korar ƙuda da mayafi. Na hana Rufaida zuwa wurin. Masu gaisuwa suna tsayawa daga nesa su ce, "Ya jiki, Tala?" ta ce, "Da sauƙi." Su juya su ce wa Inna Shatu, "To alhamdu lillahi, tunda ba ta jin ciwo."

Na kira majo da salular maƙwabciya na kwatanta masa. Ya ce a kawo ta yanzu, ko a kan jaki ne. Na faɗa wa Sabi'u, ya ce moto ba zai ɗauki mai irin wannan ƙafa ba, za ta yi ta bugun ƙarfe. Na faɗa wa Yaya, ya ce saura kaɗan a gama rairaya, kuma ranar kasuwar Gazawa na tafe, amalanke zai je.

Zazzaɓi ya riga kasuwar zuwa. Gwaggo ta daina cin ko miyar da nake ware mata. Ta fara kirana da sunan wata Fati da ban sani ba, tana ce mini in tare wutar ta gabas.

Ranar kasuwa aka loda buhunan aya, aka ɗaure, sannan aka shimfiɗa tabarma a samansu aka ɗora ta. Inna Shatu ta ce a sa leda a ƙarƙashin ƙafar. Na bi amalanken a ƙasa, Munir a bayana, ina riƙe da zanenta kada ta gangaro. Da muka isa Gazawa aka fara biyawa ta kasuwa, don a sauke kaya tun masu saye ba su watse ba.

Majo ya kwance tsumman ya duba. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi wane ne namijin da ya zo da ita, Yaya ya matso. Ya ce masa wannan ta fi ƙarfin nan, motar likita za ta kai ta Maradi.

A Maradi suka ce ruɓar ta kama hanyar jini, in ana son ranta sai a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yaya ya yi salati, ya ce shi dama abin da ya sa ba ya son likita ke nan, ba su san komi ba sai yanka. Ya dangwala yatsa a takarda, ya ce zai koma gida don ba a bar kowa a kan kaya ba. Ni na zauna jinya.

Da ta farfaɗo ta daɗe tana duban inda zanen ya kwanta a katifa ba komi a ƙarƙashinsa.

"Naja'atu."

"Na'am, Gwaggo."

"An gama rairayar?"

"An gama."

"Ta yi auki?"

"Ta yi, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai ta rufe ido.

Da aka sallame mu gidan ya cika da 'yan sannu. Aka yi shimfiɗa a zaure, Yaya na karɓar gaisuwa. Ina ratsawa da buta na ji yana cewa, "Wallahi ko sau ɗaya ba ta ce mana tana jin ciwo ba. Ku tambayi kowa a gidan nan." Aka ce haka ne, Tala akwai zurfin ciki. Wani ya ce ƙaddara ce. Inna Shatu ta ce ita tun farko jikinta ya ba ta. Hafsat ta kawo wa Gwaggo kunu da sukari har yana danƙo, don ta ji ƙarfi.

Na karɓi kwanon na ajiye gefe. Na shiga na kwashe kayan ɗakina na gaba, na shimfiɗa katifa, na kira Sabi'u na ce ya kama mini Gwaggo. Ya ce ba a yi shawara da Yaya ba. Na ce to ya je ya yi, ni zan ja ta da tabarmar. Ya tsaya yana dubana, sannan ya sunkuya ya ɗauke ta. Ba ta da nauyi.

A ɗakina take yanzu. Likitan Maradi ya ce ta hagun ma jijiyoyinta sun tafi, abin da ya ci waccan yana nan yana jiran wannan. Kowace safiya kafin in dafa kunu nakan juya tafin in duba, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Idon sawun kan ɗan tasa da yamma, in ɗora shi a kan matashi ya sauka. Ranar awo nakan tsaya a kan Sabi'u har ya tada moto. Kwanan baya Yaya ya leƙo ya gaishe ta, ya ce tunda hannuwanta lafiya lau, in an kai ta gona a amalanke ai za ta iya rairaya a zaune, zaman banza ba shi da kyau ga tsoho. Gwaggo ta buɗe baki za ta ce to. Na ce tana barci. Ya dube ta, idonta biyu, ya dube ni, ya saki labulen.

Kai mai karatu, da ke mai karatu, ban rubuta wannan don ku ce Allah sarki ba. A gidanku akwai tsoho ko tsohuwa da ba ta ƙorafi, wadda kuke yabo don ba ta jin ƙaya, ba ta jin rana. Ku tashi yau ku durƙusa ku juya tafin ƙafarta ku duba da idonku. In kun ga kumburi, ko bororo, ko yatsan da ya sake launi, kada ku tambaye ta ko yana ciwo, za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. Kada ku tafasa ruwa, kada ku kira mai aska, kada ku ce sai an gama aikin gona. Ku kai ta a auna sukarinta tun ƙafar tana jikinta. In kuka jira sai ta yi kuka, ku sani likita ne zai riƙe wuƙar, amma ku ne kuka yanke.